'Yan tsakina suna kashin jini, na ba su maganin tsutsa amma babu sauƙi

Mai Akurki Biyu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kiwon kaji, domin yau kwana uku ke nan hankalina bai kwanta ba. Ina da 'yan tsaki 26 da suka shiga mako na biyar, ina kuma da manyan kaji 9 masu ƙwai da zakara ɗaya. Kowane rukuni da akurkinsa, sai dai da rana fili ɗaya suke kiwo. Shekaranjiya da safe na tarar 'yan tsakin sun takure wuri guda, gashinsu ya tashi, fuka-fukansu sun zubo kamar an rataya musu rigar da ta fi ƙarfinsu, abincin da a da suke cinyewa kafin in juya baya kuwa ya kwana a mazubi. Da na duba shimfiɗarsu sai na ga kashi mai ruwa-ruwa, wani da jirwayen ja, wani kuma jini ne zalla. Na ɗauka tsutsar ciki ce, don haka na zuba musu piperazin a ruwan sha, na haɗa da garin bitamin don su samu ƙarfi. Jiya ɗaya ta mutu, yau da asuba biyu. Su kuwa manyan babu jini a kashinsu, amma ƙwan da nake ɗauka 7 a rana ya koma 3 ko 4, zankonsu ya koɗe, kuma wadda na ɗaga jiya na ji ta ba nauyi ko kaɗan. Shin ciwo ɗaya ne ya kama su duka? In ƙara yawan maganin, ko in canza wani?

Tsohon Makiyayi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya mayar miki da alheri. Ni dai na haura shekara 30 ina kiwon kaji, kuma duk kazar da na ga ta rame tana zawo, in an yanka ta sai an samu tsutsa a hanjinta. Ki daka tafarnuwa ki zuba a ruwansu, ki ɗiga ruwan khal kaɗan, sannan ki maimaita maganin tsutsar, wataƙila wanda kika zuba da farko bai kai ba.

Uwar 'Yan Tsaki:
Baba, a gafarce ni, amma a wannan karon ina ganin ba tsutsa ba ce, kuma ƙara piperazin ba zai tsayar da mutuwar nan ba. Hajiya, abin da kika siffanta, wato ɗan tsako mai mako huɗu zuwa shida da ya takure yana kashin jini, kamannin koksidiyosis ne, wanda masu kiwo da yawa suke kira zawon jini. Na taɓa rasa 11 cikin mako guda ta wannan hanyar, ina ta ɗura musu maganin tsutsa kamar yadda kike yi yanzu. Idan gawar na asubar nan tana nan ba ki binne ba, ki sa safar hannu ki buɗe cikin ɗaya. Ki bi hanjin har kusa da ƙarshensa, za ki ga wasu 'yan rassa guda biyu masu rufaffen baki da suka fita daga jikinsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ki faɗa mana yadda kika same su.

Ɗalibin Kiwo:
Ina da tambaya ga manya. A karatun da muke yi an ce ciwon Gumboro ma a tsakanin mako uku zuwa shida ya fi kama 'yan tsaki, kuma shi ma yana sa su takure, gashi ya tashi, su mutu da sauri. Ta yaya za a tabbatar ba shi ba ne kafin a ce ta sayi wani magani?

Likitan Dabbobi:
Tambayarka tana kan hanya, Malam, domin daga nesa ciwukan biyu kamarsu ɗaya. Bambancin yana cikin kashi da kuma cikin gawa. Gumboro ya fi zuwa da farin zawo mai ruwa wanda ke manne wa gashin dubura, kuma idan an buɗe gawa akan ga wata 'yar jaka da ke saman dubura daga ciki ta kumbura, tare da ɗigo-ɗigon jini a tsokar cinya da ta ƙirji. Ciwon Niyukasil kuwa ya fi zuwa da koren zawo da wahalar numfashi da murɗewar wuya, kuma ba ya ƙyale manyan kaji. Jini zalla a kashin ɗan tsako mai wannan shekarun, koksidiyosis ne abin zargi na farko, ko da yake babu abin da ya hana biyun haɗuwa, tunda Gumboro yana karya garkuwar jiki.

Hajiya, bari in ɗan tsawaita, domin kuskuren da kika yi shi ne wanda na fi cin karo da shi. Abubuwan da ke zama a hanjin kaza suna cutar da ita gida biyu ne, kuma babu dangantaka tsakaninsu. Gida na farko tsutsotsi ne, waɗanda ido yake iya ganin mafi yawansu. Gida na biyu wata halitta ce mai ƙwayar rai guda ɗaya tak, wadda ake kira Eimeria, ba a ganinta sai da madubin likita, kuma ba a cikin ramin hanji take yawo ba, shiga take yi cikin ƙwayoyin fatar hanjin kanta ta hayayyafa har su fashe. Wannan fashewar ce jinin da kike gani. Piperazin aikinsa shi ne ya sandarar da jikin babbar tsutsa har ta saki hanji kashi ya fito da ita. Halittar da ba ta da tsoka ba ta da jijiya, me zai sandarar a jikinta? Ko kin ninka shi sau goma, abin da za ki ƙara kawai shi ne wahalar 'yan tsakin.

An daɗe da sanin nau'i 7 na Eimeria da ke kama kaji, kuma kowanne yana da sashen hanjin da ya fi so. Wani masani ɗan Amurka, Ernest Tyzzer, shi ne ya rarrabe da dama daga cikinsu a 1929. Wanda ake kira acervulina yana zama a farkon hanji, yana barin fararen zane-zane kamar matakan tsani, kuma ramewa yake jawowa fiye da mutuwa. Maxima yana tsakiya, yana kawo majina mai launin ruwan lemo. Necatrix yana kumbura tsakiyar hanji, yana kisa ƙwarai, amma ya fi kama waɗanda suka ɗan tasa. Tenella kuwa shi ne mai waɗancan rassa biyu da 'yar'uwa ta ce ki duba, kuma shi ne ya fi kawo jini ja a kashi. Ki buɗe gawar kamar yadda ta ce, gani ya kori ji.

Mai Akurki Biyu:
Na buɗe guda biyu, Likita, ko da yake hannuna yana rawa. Ban ga tsutsa ko ɗaya ba tun daga farkon hanjin har ƙarshensa. Amma rassan nan biyu sun kumbura sun yi kaurin ɗan yatsana, launinsu ja mai duhu, kuma da na tsaga ɗaya da reza sai jini ya fito, wani ya daskare ya yi gudaji kamar hanta. A ta biyun abin da ke ciki ya fara tauri, ya fito a dunƙule da siffar reshen. Naman ƙirjinsu fari fat, kamar babu jini a jikinsu, kuma ban ga ɗigon ja a cinya ba. Jakar da ka ce tana saman dubura na gan ta, 'yar ƙarama ce, ba ta kumbura ba.

Likitan Dabbobi:
To, wannan hoton tenella ne sak. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki nemi amproliyam. Ki zubar da ruwan da ke gabansu, ki wanke mashayar, kuma kada ki bar musu wani ruwa sai mai maganin. Ƙarfin da ake amfani da shi idan ciwon ya yi tsanani shi ne miligiram 240 na ainihin maganin a kowace lita ta ruwa. Idan garin da kika samu an rubuta kashi 20 cikin 100 a jikinsa, giram 12 ke nan a lita 10, idan kuma na ruwa ne mai ƙarfin kashi 9.6, mililita 2.5 ke nan a lita ɗaya. Ki karanta takardar jikinsa duk da haka, domin ƙarfin kowane kamfani daban. Ki haɗa sabo kowace safiya, ki yi kwana biyar a jere, kuma duka 23 ɗin za su sha, har waɗanda kike gani garau, domin su ma sun riga sun haɗiya. Wanda ya galabaita har ba ya zuwa mashaya, ki ɗauke shi ki ɗiga masa a gefen baki da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Bayan kwana biyar ɗin, yawancin takardun suna cewa a ci gaba da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ƙarfin na mako ɗaya zuwa biyu.

Abu mai muhimmanci: ki dakatar da garin bitamin ɗin nan tukuna. Amproliyam yana aiki ne ta hanyar yaudara, domin siffarsa ta yi kama da bitamin B1, wanda Eimeria ba ta iya hayayyafa sai da shi, sai ta ɗauki maganin a madadinsa ta mutu da yunwa. Idan kina zuba B1 a ruwan, kina ba ta abin da maganin yake ƙoƙarin hana ta ne. Bitamin K shi kaɗai, idan kin samu, yana taimaka wa jini ya tsaya. Sauran kuma ki adana sai kin gama.

Idan amproliyam bai samu ba, toltrazuril yana aiki sosai, kwana biyu ake ba da shi, amma ba a ba kaji masu ƙwan da mutane za su ci. Magungunan salfa ma suna yi, sai dai wuce ƙa'ida a kansu yana lalata ƙoda, yana kuma jawo zubar jini da kansa, don haka ba na son a fara da su a gida. Kuma ki shirya zuciyarki, wasu za su iya mutuwa cikin kwana biyun farko, domin magani yana tsayar da ɓarna ne, ba ya mayar da jinin da ya riga ya zuba.

Tsohon Makiyayi:
Likita, na ji, kuma ba na ja da abin da ido ya gani. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kazata tana kwanci ta ƙyanƙyashe, ta ja 'ya'yanta su yi ta tono a bola da gindin bishiya, ba amproliyam ba komai, kuma ban taɓa ganin wannan kashin jinin ba. Ita kuwa 'yata da ta killace nata tana share musu wuri, su ne suke mutuwa. Idan ƙazanta ce ke kawo shi, ai nawa ne ya kamata su fara.

Uwar 'Yan Tsaki:
Baba, wannan ita ce tambayar da ni ma na yi ta yi wa kaina bayan asarar da na yi. Abin da na fahimta shi ne, naka ma suna haɗiyar ƙwayar, amma kaɗan-kaɗan, a fili mai faɗi da rana ke dukansa, sai jikinsu ya saba da ita ya yi garkuwa ba tare da sun kwanta ba. Namu kuwa da muke tara 20 ko 30 a ɗaki ɗaya, abin da guda ya kasayar shi sauran suke tsattsaga. Hajiya, ki tura hannu ƙarƙashin mashayarsu ki ji, ina kyautata zaton a jiƙe yake.

Likitan Dabbobi:
Ta faɗi gaskiya, kuma lissafin abin yana da ban tsoro. Ƙwayar da ta fito cikin kashi ba ta iya kama kowa a ranar da ta fito, sai ta samu danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta nuna. Nunanniya ɗaya tana ɗauke da 'ya'ya 8, kuma kafin mako ya zagayo waɗannan 8 ɗin sun zama dubun-dubatar sababbin ƙwayoyi a kan shimfiɗa. Zagaye biyu ko uku a jiƙaƙƙen wuri ya isa ya mayar da abin da jiki zai iya jurewa ya zama annoba, shi ya sa mako na huɗu da na biyar suka yi ƙaurin suna. A busasshen wuri kuwa yawancinsu ba sa nuna. Saboda haka, Baba, ba rashin shara ba ne kawai, cunkoso ne da danshi. Kuma ba a neman ɗan tsako ya tashi bai taɓa haɗuwa da ita ba, wanda aka raina a kan waya tsaf-tsaf, ranar da ya sauka ƙasa shi ne ya fi shiga haɗari. Rigakafin da ake yi wa 'yan tsaki ma rayayyun ƙwayoyi ne 'yan kaɗan ake ba su da gangan, kuma saboda haka ne ba a haɗa shi da abinci mai maganin koksidiyosis.

Game da tafarnuwa da ruwan khal, ba zan ce suna cutarwa ba idan kaɗan ne, amma ba za su tsayar da jinin tenella ba, kuma idan warinsu ya sa 'yan tsaki suka ƙi shan ruwan da maganin yake ciki, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hajiya, ki kwashe shimfiɗar gaba ɗaya ki kai ta nesa da inda suke kiwo. Kada ki dogara da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum, domin ɓawon ƙwayar nan yana da tauri, yawancinsu ba sa ratsa shi, kuma tana iya yin watanni masu yawa a ƙasa da ranta. Tafasasshen ruwa a kan mazubi da mashaya, da bushewa, da zafin rana, su ne makamanki.

Mai Akurki Biyu:
Hajiya, kin canka daidai. Mashayar tana da 'yar tsaga a gindi wadda ban lura da ita ba, saman garin katakon a bushe yake, amma da na tona sai na ji ƙasan ya yi laushi ya yi ɗumi yana wari. Lallai ruwa ba ya tsami banza. Na samu amproliyam na gari, na fara ba su tun azahar, na sake shimfiɗa, na ɗora sabuwar mashaya a kan bulo biyu. Yanzu saura maganar manyan. Su ma in zuba musu?

Likitan Dabbobi:
Kada ki yi gaggawa a kansu, don kada a sake jifa a duhu. Kaza mai ƙwai da ta daɗe a wuri ɗaya yawanci ta riga ta yi garkuwa da nau'in Eimeria da ke wurin, don haka ramewa da koɗewar zanko da raguwar ƙwai sun fi nuna tsutsa a wurinta. Wato mai yiwuwa maganin da kika ba ƙananan, manyan ne suke buƙatar irinsa. Amma akwai abubuwa biyu da za ki fara yi. Da dare ki haska tocila a tsagogin katakon da suke kwana a kai da ƙarƙashin fuka-fukansu, domin akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana da ke ɓuya da rana su fito su sha jini da dare, kuma su ma suna koɗar da zanko kamar yadda tsutsa take yi. Na biyu, da sassafe ki tattara sabon kashi daga wurare biyar ko shida, ki haɗa a leda mai tsabta, ki kai asibitin dabbobi a ranar. Gwajin ba shi da wuya: ana dama kashin a ruwan gishiri mai kauri, ƙwan tsutsa ya taso sama, a ɗauka a duba da madubin likita.

Ki kuma shafa ƙirjin kowace. Idan ƙashin tsakiya ya fito da kaifi kamar bakin wuƙa, tsokar gefensa ta lotsa, ramewar ta yi nisa.

Ɗalibin Kiwo:
Likita, ni kuma kullum ina ganin wani kashi mai launin ƙasa-ƙasa, mai danƙo da wari sosai a akurkina, alhali kajin lafiyarsu lau. Shi ma alamar tsutsa ce?

Uwar 'Yan Tsaki:
A'a, Malam, wannan shi ne abin da rassan nan biyu suke zubarwa, kuma kowace kaza mai lafiya tana yinsa sau ɗaya ko biyu a rana. Haka nan wani lokaci za ka ga 'yar tsoka-tsoka mai launin ruwan hoda a kashi, fatar hanji ce da ta sabunta, idan jefi-jefi ne kuma kazar tana cin abinci ba abin damuwa ba ne. Mutane da yawa suna ɗura wa kajinsu magani saboda waɗannan biyun.

Mai Akurki Biyu:
Ga labarin da ake ciki bayan kwana huɗu. Cikin 'yan tsakin biyu sun ƙara mutuwa a daren farko, daga nan ba a sake ba, jinin ya ɗauke tun rana ta uku, yau har suna rige-rigen zuwa mazubi. Ban ga ƙwari a akurkin manyan ba. Sakamakon gwajin kashinsu kuma ya fito: an ce akwai ƙwan babbar tsutsa da yawa, da wasu 'yan kaɗan masu siffar lemon tsami da toshiya a kai da gindi, da ƙwayoyin Eimeria ƙalilan.

Likitan Dabbobi:
Madalla. Eimeria ƙalilan a kashin babbar kaza ba ciwo ba ne, kusan kowace tana ɗauke da su, kada ki bi ta kansu. Babbar tsutsar ita ce Ascaridia galli, fara ce mai kama da tsinken taliya, macenta tana iya kaiwa santimita 10 ko fiye, kuma idan suka yi yawa sukan dunƙule su toshe hanji. Ba ta buƙatar ɗan aike, wato wata halitta da za ta bi ta jikinta kafin ta kama kaza: ƙwanta yana faɗuwa ƙasa, ya nuna cikin kamar mako biyu, wata kazar ta haɗiye shi, bayan mako biyar zuwa takwas ita ma ta fara zubar da nata. Masu siffar lemon tsamin kuwa ƙwan Capillaria ne, tsutsa ce siririya kamar gashi, da ƙyar ido yake ganinta, amma ɓarnarta ta fi girmanta domin tana nutsewa cikin fatar hanji. Ga inda gwajin ya yi miki rana: piperazin yana fitar da Ascaridia da ta girma kawai, ba ya taɓa Capillaria, ba ya kuma kashe ƙananan da ke maƙale a bangon hanji, shi ya sa ake maimaita shi bayan mako biyu zuwa uku. Da shi kika ba su, da kin ga tsutsotsi a kashi kin yi murna, alhali rabin matsalar tana nan.

Abin da ya dace da ke shi ne flubendazol ko fenbendazol. Flubendazol ana cuɗa shi da abinci, giram 30 na ainihin maganin a tan ɗaya, a ci kwana bakwai a jere. Fenbendazol na ruwan sha kuma miligiram 1 ne ga kowane kilo na nauyin kaza kullum har kwana biyar, amma Capillaria takan buƙaci fiye da haka, don haka ki bar wanda ya yi miki gwajin ya yanke adadin. Ki auna kajin a ma'auni, kada ki kintata. Kuma ki kula, wanda aka yi don awaki da tumaki ba ya narkewa a ruwa, kwanciya yake yi a gindin mashaya, sai ta farko ta sha ruwa zalla ta ƙarshe ta sha tsagwaron magani. Idan suna cikin zubar da gashi ne a jinkirta fenbendazol, domin yana iya lalata sabon gashin da ke fitowa. Lebamisol ma yana kama dukkan biyun, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ba ta da faɗi kamar ta waɗancan.

Tsohon Makiyayi:
To ashe a kan manyan ban yi kuskure ba, 'yata. Amma Likita, ƙwan da za su yi a kwanakin maganin fa? Ni dai ban taɓa zubar da ƙwai saboda magani ba, kuma ga ni da raina.

Likitan Dabbobi:
A kan manyan ka yi daidai, Baba. Game da ƙwai, ba dukkan magunguna ne hukuncinsu ɗaya ba. Flubendazol da fenbendazol da aka yi musamman don kaji, a adadin da aka rubuta, hukumomin Turai sun amince a ci ƙwan ba tare da jira ba. Amma da zarar an ƙara adadi, ko an yi amfani da na wata dabba, wannan iznin ya faɗi. Lebamisol da salfa da toltrazuril da aibamektin duk suna sauka cikin ƙwai, kuma gwaiduwa tana ɗaukar kusan kwana goma tana haɗuwa a cikin kaza, saboda haka maganin da aka sha yau yana iya fitowa a ƙwan mako mai zuwa. Rashin faɗuwa nan take ba shaida ba ce, domin akwai mutanen da ɗan kaɗan na salfa yake tayar musu da borin jini. Aibamektin ɗin ma da ake yawan yabawa, a adadin da kaza take jurewa ba abin dogaro ba ne a kan tsutsar hanji.

Mai Talo-talo:
Ina biye da ku tun farko, kuma ina so in ƙara abu ɗaya ga duk wanda yake haɗa kaji da talo-talo. Akwai wata 'yar tsutsa, Heterakis, tsawonta bai wuce santimita ɗaya da ɗoriya ba, tana zama a rassan nan biyu, kuma ƙwanta yana kama da na babbar tsutsar har a madubi. Ita kanta ba ta cika damun kaza ba, amma cikin ƙwanta wata cuta mai suna Histomonas take ɓuya. Kaza takan ɗauke ta ta yi yawonta, talo-talo kuwa sai ya fara zawo rawaya kamar farar wuta, hantarsa ta yi tabo zagaye-zagaye, ya mutu. Na rasa 6 cikin 8 a filin da kaji suka bari kusan shekara guda kafin nan, domin ƙwan yana daɗewa a ƙasa, tsutsar ƙasa, wato tana, ita ma tana haɗiye shi ta adana.

Uwar 'Yan Tsaki:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Hajiya, ki riƙa duban kashin da ido ma, domin tsila ba ta cika fitowa a gwajin ruwan gishiri ba. Gaɓoɓinta ne suke fita, farare kamar ƙwayar shinkafa a saman sabon kashi, wani lokaci har suna motsi. Ita sai ta bi ta jikin tururuwa ko ƙwaro ko ƙuda ko katantanwa kafin ta kama kaza, kuma maganinta daban ne, prazikwantel aka fi ambata, wanda shi ma sai da sanin likita ga masu ƙwai. Ni dai yanzu duk wata uku nake ba nawa maganin tsutsa, ko na ga alama ko ban gani ba.

Likitan Dabbobi:
A nan kam na ɗan saɓa miki, Hajiya. Ba da magani bisa kalanda, musamman iri ɗaya kullum kuma a kintace, shi ne ya sa tsutsotsin awaki da tumaki suka daina jin magunguna da dama, kuma an fara ganin haka a kaji. Na fi son a kai kashi gwaji sau biyu ko uku a shekara, a yi magani idan ƙwan ya yi yawa ko kajin sun nuna alama, sannan a sake gwadawa bayan mako biyu don a ga ko ya ci. Wanda ba shi da wurin gwaji kusa, kuma kajinsa a fili ɗaya suke shekara da shekaru, ba zan zarge shi ba idan ya bi tsarinki, amma ya auna nauyi kuma ya cika kwanakin.

Uwar 'Yan Tsaki:
Na karɓi rabin maganarka, Likita. Filina ƙarami ne, babu inda zan mayar da su ya huta, kuma duk lokacin da na wuce wata huɗu sai na gani a kwandon ƙwai. Zan gwada kai kashin kafin zagaye na gaba, idan ya fito babu komai in fasa.

Mai Akurki Biyu:
Yau mako uku da fara wannan magana, na ga ya kamata in dawo da bayani. 'Yan tsaki 21 sun rayu, sai dai uku daga cikinsu sun tsumbure, 'yan'uwansu sun kusa ninka su, kuma na ware su ina ba su abinci daban. Manyan sun gama kwana bakwai na flubendazol. A rana ta uku na ga tsutsotsi biyu a kashin wata, ɗaya ta kai tsawon ɗan yatsana na tsakiya. Zankonsu ya fara ja, jiya na ɗauki ƙwai 6. Na raba filin biyu da raga don ƙananan su daina bin sawun manyan, na kankare saman ƙasar da ke bakin akurki na zuba yashi. Likita, tambayata ta ƙarshe ita ce ukun nan: akwai abin da zan ƙara musu, ko haka za su tafi?

Likitan Dabbobi:
Yanzu kina iya ba su bitamin ɗin da kika ajiye, musamman mai A da K a ciki, tare da abincin 'yan tsaki mai gina jiki. Wasu sukan cim ma 'yan'uwansu, wasu kuma hanjinsu ya riga ya yi tabo, haka za su tashi ƙanana. Ki auna su yau, ki sake aunawa bayan kwana goma, kuma idan za ki mayar da kashin manyan gwaji na biyu, ki haɗa da na ukun nan a leda daban, domin sun yi makonni suna kiwo a filin da Ascaridia take, kuma yanzu ne lokacin da za ta fara nunawa a jikinsu.